Na kai karatun kula da ma'aikata injin Bappana, yanzu in na shigo sai hira ta mutu

Assalamu alaikum Baba. Ni saurayi ne mai shekara 29, mazaunin Gombe. Ina karatun digiri na biyu a fannin kula da ma'aikata, duk ƙarshen mako nakan je Bauchi in ɗauki darasi in dawo. Sauran ranaku ina aiki a injin casar shinkafa na Bappana, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, kuma shi ke biyan kuɗin makarantar. Mu 31 ne a wurin, har da 'yan dako da masu gadi. Wata biyar ke nan da ya ce tunda abin da nake karantawa ke nan, in karɓi sha'anin ma'aikata.

Na kawo rajistar sa hannu, duk wanda ya wuce ƙarfe takwas a yanke masa naira 500. Na tsara fom na auna ƙwazo, maki ɗaya zuwa biyar, ina cikewa duk ƙarshen wata. Maimakon aiki ya ƙaru sai ya ja baya. Ofaretoci biyu da suka fi kowa iya inji sun koma wani wuri. Akwai wani dattijo da ya shekara 19 tare da Bappa, shi ya fi kowa ƙarancin maki saboda kullum sai tara saura yake zuwa, duk da dai shi ke tsayawa ya share inji ya rufe bayan isha'i. Na ce a sallame shi, Bappa ya ce in fita harkarsa. Ɗan Bappa da ke kan kuɗi kuwa sai goma yake zuwa, ban taɓa iya yanke masa ba. Albashi wani watan sai 10 ga wata yake fita, in kuɗin shinkafa ba su shigo da wuri ba.

Ga kuma kundin bincikena, a kan ma'aikatanmu nake yin sa. Na raba musu takardar tambayoyi, na yi musu alkawari ba wanda zai ga amsarsu. Wasu sun rubuta maganganu masu zafi a kan albashi. Bappa ya ji labari, ya ce in kawo masa takardun ya ga masu zaginsa. Baba, karatun nan ba ya aiki a ƙasarmu ne? In ajiye karatun, ko in bar injin? Kuma in ba shi takardun?

Ɗanka daga Gombe.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka wa Bappanka da alheri bisa riƙon da ya yi maka. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce ba ta jira.

Kada ka ba shi takardun nan, ko guda ɗaya. Ko ba suna a kai, a wurin da mutum 31 ke aiki kowa an san rubutunsa, an san yadda yake ƙulla magana, wanda bai iya rubutu ba ma an san wa ya rubuta masa. Ranar da takardun suka shiga hannun Bappa, ko bai yi niyyar korar kowa ba, akwai fuskokin da ba zai sake kallonsu kamar da ba. Mutanen nan sun buɗe maka cikinsu ne saboda ka ce amana ce. In ka ci wannan amanar, ba wani ma'aikaci a injin nan da zai sake faɗa maka gaskiya, kuma labari zai riga ka zuwa duk injin da za ka je a Gombe, domin ofaretoci da 'yan dako sun san juna. Ka kwashe takardun daga ofis, kada kuma ka ajiye su a gida. Ka kai wa malamin da ke duba kundinka ya adana. Sannan ka samu Bappa shi kaɗai, ka durƙusa ka ce, "Bappa, na yi musu alkawari da bakina, kuma a gidanka na koyi cika alkawari. Zan kawo maka duk abin da suka faɗa a dunƙule, ba zan rage komai ba, amma ba zan nuna wane da wane ba." Zai yi fushi. Ka jure. Ka kuma fahimci inda abin ya yi masa zafi: mutum ne da yake ganin gidaje talatin na ci ta hannunsa, sai ga shi ya ji ana ƙorafi a bayan idonsa, kuma ɗan da ya riƙa ne ya raba takardar ƙorafin. Wannan ciwon gaskiya ne, kada ka raina shi.

Akwai kuma aibi a binciken kansa da ya kamata ka faɗa wa malaminka tun kafin ranar kare kundi. Hannun da ke yanke naira 500 shi ne ya miƙa takardar tambayoyi. Mafi yawansu abin da suke zaton kana son ji suka zaɓa, kaɗan da suka rubuta zafi su ne masu ƙarfin hali. Ka nemi izinin ƙara wasu injina biyu ko uku inda ba ka da iko a kan kowa, ka sa wani abokin karatunka ya yi tambayoyin da baki, da Hausa ko Fulatanci, ga waɗanda karatun boko bai ishe su ba. Kundin zai fi nauyi.

Yanzu ga maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. Naira 500 ɗin nan da kake yankewa, doka ba ta yarda da ita ba. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya hana mai aiki ya cire wa ma'aikaci kuɗi daga albashinsa da sunan tara. Abin da ya bari shi ne, in ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko da sakaci, a iya cire masa abin da ya dace, shi ma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tun kafin a cire. Na san wurare da yawa a Bauchi da Gombe suna yin irin wannan yanka, kuma ba wanda ya kai su ƙara. Amma kai ɗalibin wannan fanni ne, ba ka da uzurin da suke da shi. Ka tsayar da yankan daga wannan watan. Ka buɗe rajistar ka lissafa abin da aka cire wa kowa cikin wata biyar, ka roƙi Bappa a mayar musu cikin albashi na gaba, ka tsaya a gabansu ka ce ka yi kuskure. Kuɗin ba za su kai farashin buhunan shinkafa kaɗan ba, amma abin da za su sayo maka a wurin mutanen nan ya fi haka nesa.

Ka tsaya ka dubi abin da idon leburan da ke ɗinkin buhu. Ya makara minti goma, an yanke masa 500. Albashinsa ya makara kwana goma, ba a ƙara masa ko kwabo ba, ba a ma ba shi haƙuri ba. Yana zaune a Pantami ko Tumfure, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin Keke da acaɓa suka ninka a kansa, wata rana da ƙafa yake tahowa saboda albashin da zai hau abin hawa da shi bai fito ba. Yana sa hannu a rajista, sai ga ɗan mai gida ya shigo ƙarfe goma, ba wanda ya ce masa uffan. Me kake so ya yi da zuciyarsa? A ajinku an karantar da ku Adams, masanin halayyar ma'aikata, wanda tun 1963 ya nuna cewa ma'aikaci ba abin da yake samu kawai yake dubawa ba, yana kwatanta gumin da ya zuba da ladan da ya samu da na wanda ke gefensa, kuma in ya ga an yi masa rashin adalci sai ya daidaita lissafin da kansa: ya rage himma, ko ya ɗauki jakarsa. Ofaretocinka biyu jakarsu suka ɗauka, saboda su ne masu inda za su je. Sauran himma suka rage. Karatunka ya faɗi abin da zai faru a injin Bappanka tun kafin ya faru, to ta ina ka ga ba ya aiki a ƙasarmu?

An kuma karantar da ku Herzberg, wani masanin na Amurka, na tabbata, domin ba kundin da ake rubutawa kan ƙwazon ma'aikata da ba a ambace shi ba. A 1959 ya fitar da sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh ta Amurka. Ya ce akwai abubuwan da rashinsu ke ɓata ran ma'aikaci, irin su albashi da yanayin wurin aiki da yadda shugaba ke bi da shi, akwai kuma waɗanda ke sa shi himma, irin su a yaba masa, a ɗora masa amana, ya ga yana ci gaba. Ɗalibai sukan haddace kashi na biyu su manta cewa mutanen da ya yi hira da su ba sa kwana da fargabar ko albashi zai fito. Kai kuwa kashi na farko ne ke yoyo a ɗakinka. Sashe na 15 na dokar da na ambata ya ce tazarar biyan albashi kada ta wuce wata ɗaya. Kafin wannan doka, Manzon Allah (SAW) ya ce a bai wa ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, kuma wannan hadisin Bappanka ya san shi tun kafin a haife ka.

Sai fom ɗinka. Na shafe shekaru a ofishin ma'aikata kafin in yi ritaya, na cike fom ɗin APER, wato na auna ƙwazon ma'aikacin gwamnati duk shekara, da hannuna har ban san adadi ba. Manyanmu sun ba mu labarin zamanin rahoton sirri, inda shugaba zai rubuta abin da ya ga dama a kanka ba tare da ka gani ba, har sai da kwamitin Udoji na gyaran aikin gwamnati ya miƙa rahotonsa a 1974 ya ba da shawarar a buɗe abin, ma'aikaci ya karanta abin da aka rubuta a kansa ya sa hannu. Kai ka mayar da ma'aikatanka zamanin kafin Udoji: kana zaune a ofis kai kaɗai kana ba su maki, ba su san a kan me ba. Kuma ko bayan an buɗe fom ɗin, abin da na gani da idona shi ne in aka ce a ba mutum maki a kan "biyayya" ko "himma" ko "haɗin kai", abin da ke fitowa a takarda shi ne yadda shugaba ke jin mutumin a ransa. Wanda ya iya gaisuwa ya samu huɗu, wanda bai da yawan magana ya samu biyu. Akwai wani masinja da na taɓa rubuta wa rahoto mara kyau shekara biyu a jere saboda yawan neman izinin fita. Daga baya na gano matarsa yake kaiwa asibiti wankin ƙoda, kuma ƙarin girmansa ya wuce shi saboda alƙalamina. Da na kira shi sau ɗaya na tambaye shi, da na sani. Har yau abin yana raina, shi ya sa nake tsananta maka a nan.

Injin shinkafa kuwa yana da abin da ofishin gwamnati ba shi da shi: aikinsa yana hawa sikeli. Kilo nawa na shanshera ya shiga yau, kilo nawa na shinkafa ya fita? A kowane kilo 100 na shanshera kusan kilo 20 ɓuntu ne, sai dusa ta ɗauki nata, to ragowar nawa kuke samu, kuma nawa ne karyayya a ciki? Awa nawa inji ya tsaya, kuma me ya tsayar da shi: an ɗauke wuta ne, gas ya ƙare a janareta, bel ya tsinke, ko shanshera ce ba ta bushe ba? Buhu nawa 'yan kasuwa suka dawo da shi saboda tsakuwa? Wannan shi ne littafin da ya kamata ka buɗe tun ranar farko. Ka sa allo a bango inda kowa zai gani, a riƙa rubuta waɗannan alƙaluma kullum, na rukunin safe da na yamma, ba na mutum ɗaya ɗaya ba. Ka yi wata biyu kana tarawa ba tare da ka hukunta kowa a kai ba. Ina kyautata zaton za ka tarar mafi yawan awannin da kuka rasa ba makara ce ta cinye su ba.

Akwai wani Ba'amurke masanin inganci, Deming, da yakan yi wa manajoji wani wasa a tarukansa. Zai kawo akwati cike da duwatsun ado farare da jajaye, kashi 20 cikin ɗari jajaye, ya ba mutane wani faranti mai ramuka 50 su riƙa ɗiba, ya ce jan dutse aibi ne. Wanda ya ɗebo jajaye kaɗan sai a yaba masa, wanda ya ɗebo da yawa a yi masa faɗa, gobe sai abin ya juya, gwanin jiya ya zama abin faɗan yau. Ba wanda ke da iko a kan abin da farantinsa zai ɗebo, jajayen suna cikin akwatin tun farko. Haka injinku yake. In shanshera ta wuce kima a bushewa ko ba ta kai ba, domin wajen kashi 14 cikin ɗari na danshi ake so lokacin casa, za ta kakkarye ko wane ne a kan inji. In robar da ke ɓare ɓuntu ta cinye ba a sauya ba, haka nan. Ofaretan da ka ba maki biyu saboda karyayya ta yi yawa a hannunsa, mai yiwuwa laifin yana wajen wanda ya sayo shanshera a Dadin Kowa, ko wajen wanda ya hana kuɗin sabuwar roba. Saboda haka duk lokacin da ka ga aikin mutum ya ja baya, kafin ka ɗauki biro ka tambayi kanka: ya iya aikin? An ba shi kayan yi da lokacin yi? Sai waɗannan biyun sun tabbata sannan ka zo kan ko yana so ko ba ya so. Kai da ta ukun ka fara.

Mu dawo kan dattijon nan, domin a kansa na fi jin wasiƙarka. Da hannunka ka rubuta cewa shi ke tsayawa ya share inji ya rufe bayan isha'i, amma ka wuce maganar kamar ba komai ba ce. Mutumin da ya zo tara saura ya tashi bayan isha'i ya yi awa goma sha ɗaya ko fiye. Wa ya kai shi awanni a injin nan? Rajistarka shigowa kawai take gani, ba ta ganin fita. Kuma mutumin da ya shekara 19 a gaban inji ɗaya yana ɗauke da abin da ba ya cikin fom ɗinka: zai jefa ƙwaya a baki ya ciza ya ce maka a ƙara shanya ta, zai ji ƙarar inji ta sauya ya ce a kashe kafin wani abu ya ƙone. Bappa da ya ce ka fita harkarsa ba tausayi kaɗai ya sa shi ba, ya san abin da mutumin ya tsare masa cikin shekarun nan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ka tuna abin da 'yar dattijon Madyana ta ce wa mahaifinta game da Annabi Musa (AS) a Suratul Ƙasas, aya ta 26, cewa mafi alherin wanda za a ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi amintacce. Ƙarfin dattijonku yana iya raguwa, amma wanda aka bar wa makullin inji shekara da shekaru an gama shaidar amanarsa.

Ka mayar da lokacin zuwansa ƙarfe tara a rubuce, kowa ya sani, kuma kowa ya san dalili. In shekaru sun fara rage masa sauri, kada ka bar shi kusa da bel da juyin inji, ka roƙi Bappa a ɗora shi kan duba shanshera kafin a saya da kafin a casa, a kuma haɗa shi da samari biyu ya koya musu, da ɗan ƙarin alawus na koyarwa. Yanzu da ofaretoci biyu suka tafi, shi kaɗai ne makarantar da ta rage muku. Da an bi shawararka an sallame shi, doka ma sai ta ce a ba shi sanarwar wata guda, tunda ya haura shekara biyar, sannan ya koma gida da me bayan shekara 19? Wannan tambayar ka riƙe ta a ranka, za mu dawo kanta.

Maganar ɗan Bappa gajeriya ce. Kada ka yi rigima da shi, ɗan'uwanka ne kuma ba kai ka ɗauke shi aiki ba. Ka ce wa Bappa dokar lokaci ko dai ta hau kan kowa har da 'ya'yan gida, ko a sauke ta daga kan kowa, kuma shi ne mai zaɓi. Kai dai kada ka sake riƙe sandar da ke dukan wasu tana tsallake wasu, domin zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Yadda za ka shiga wa Bappa shi ne rabin aikin. Kada ka je masa a inji gaban mutane, kada ka je da sunayen Turawa, kada kuma ka je da takardar doka a hannu kamar mai kai sammaci. Ka same shi a gida bayan ya ci abincin dare. Ka yi masa magana da harshen da ya gina dukiyarsa da shi, wato buhu da naira: tun da ofaretocin nan suka tafi kwana nawa inji ya yi rabin aiki, karyayya ta ƙaru da buhu nawa, nawa ke nan a kasuwa. Sai ka roƙi abu ɗaya tak a wannan zaman, a tsayar da ranar albashi. Ka kawo masa hanyar da za a bi: daga cinikin farkon wata a riƙa ware kuɗin albashi a wani asusu daban da ba a taɓawa don sayen shanshera ko gas. In wani wata abin ya gagara, a tara mutane tun kafin ranar a faɗa musu gaskiya, a ba su wani abu su riƙe. Ma'aikaci yana iya haƙuri da jinkirin da aka sanar da shi, wanda ke cin ransa shi ne ya zo kullum yana kallon ƙofar kashiya ba wanda ya ce masa komai.

Sauran abubuwan ka bi su sannu, wata bayan wata, domin in ka zube su gaba ɗaya Bappa zai ga kamar ka zo rushe masa gini. Doka ta ce cikin wata uku da fara aiki a bai wa ma'aikaci takarda mai bayanin aikinsa da albashinsa da sharuɗɗansa. Shafi ɗaya da Hausa ya isa, a karanta wa wanda bai iya ba. Wanda ya cika wata 12 yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa, kuma kowa yana da ranar hutu ɗaya a mako. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun Yulin 2024, dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba da kuma waɗanda ake biya bisa adadin abin da suka yi, kamar 'yan dakon da ake biya kan kowane buhu, saboda haka ka zauna ka tantance su wa ke kan albashin wata a cikin ku 31, ka je ofishin ƙwadago na tarayya ka tambayi inda kuka faɗa. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Ga dattijonku asusun fansho ya zo a makare, amma kana iya sa Bappa ya fara tunanin abin sallama mai mutunci da zai ba shi ranar da ƙarfinsa ya ƙare, fili ne ko jari, tun yanzu da sauran lokaci.

Karatu kuwa kada ka ajiye. 'Yan ajinku da yawa za su gama digirin nan ba su taɓa zama gaban ma'aikacin da aka yi wa ba daidai ba suka ji yadda muryarsa ke rawa. Kai kana da mutum talatin da inji da sikeli, duk abin da aka faɗa a aji ranar Asabar kana iya duba shi ranar Litinin. In ka kammala ka nemi rajista da CIPM, cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata, wadda aka kafa a 1968 kuma ita doka ta ɗora wa tsara wannan sana'a a Najeriya, takardarta za ta buɗe maka ƙofofi in wata rana ka so fita. Barin injin ma ba yanzu ba. Ka ba abin daga nan zuwa bayan kaka, lokacin da sabuwar shanshera za ta shigo aiki ya yi yawa, ka ga ko ranar albashi ta tsaya. Abu ɗaya ne zai sa in ce ka sauka daga kujerar: in Bappa ya kafe lallai sai ya ga takardun. A nan ka nemi wanda yake jin nauyinsa, Goggonku ko amininsa ko limamin masallacinsu, ya shiga tsakani. In duk da haka ya ƙi, ka roƙe shi cikin ladabi ya mayar da kai sito ko sayen shanshera, ka ci gaba da gaishe shi kullum kamar yadda ka saba, takardun kuma su zauna a hannun malaminka.

Cikin makon nan ka nemi ofaretocin nan biyu da suka tafi. Ka je inda suke da yamma bayan sun tashi, kai kaɗai, ba fom ba biro. Kada ka roƙe su su dawo, ka ce ka zo ne ka ji abin da ya kore su, kuma duk abin da suka faɗa kada ka kare kanka, ko da sunanka ne ya fara fitowa. Sannan ka zaɓi dare ɗaya ka tsaya tare da dattijon har ya rufe inji, ka riƙe masa fitila yana sharewa, ka tambaye shi yadda yake gane shanshera ta isa casa. Ka sake rubuto mini bayan albashi biyu, ina so in ji ranar da suka fita.